Filin Likitan Dabbobi: Wai da gaske saniya tana sa wa mutum tarin TB?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan makon yawancinsu a kan abu ɗaya suka zo, tarin TB na shanu, sai na ga gara in haɗe su in amsa lokaci guda. Masu tambayar kiwon kaji ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Slm likita ya aiki. Dan Allah yarona ne dan shekara 6 wuyanshi ya kumbura ta gefe daya kusan wata uku, ba zafi amma kullum karuwa yake, yaron sai ramewa ga zufa da daddare. Munyi ta shafa na gida ana cewa kaluluwa ce zata baje, daga baya dai muka je asibiti akayi gwaji akace wai TB ne. Abin da ya daure min kai ba mai tari a gidanmu shima yaron baya tari, likitan ya tambayeni ko yana shan danyar madara nace eh muna da saniyar tatsa a gida. Wai da gaske saniya tana sa ma mutum TB? Daga maman yara, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, ya mai jiki, Allah ya ba shi lafiya. Eh da gaske ne, kuma likitan nan ya san aikinsa tunda har ya yi miki wannan tambayar, ba kowa ke tunawa da ita ba.

Kin ga ƙwayoyin cutar biyu ne 'yan gida ɗaya. Akwai ta mutane wadda ake ɗauka a iska in mai tari ya yi tari kusa da mutum, sai kuma ta shanu da ake kira Mycobacterium bovis, ita wannan ba ta tsaya kan shanu kaɗai ba, tana kama awaki da raƙuma da aladu da namun daji har da ɗan Adam. Babbar hanyarta ta shiga jikin mutum ita ce madarar da ba a tafasa ba, to tunda ta baki ta shiga ba ta hanci ba shi ya sa sau da yawa ba ta fara da huhu, sai ta tare a kaluluwar wuya ko hanji ko ƙashin baya, wani yaron ma har ƙwaƙwalwa, a yi ta neman tari ba tari, a yi ta cewa sammu ne ko shawara har lokaci ya ƙure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 mutum kusan 140,000 suka kamu da irin wannan TB na dabbobi, kusan 11,400 suka rasu, kuma Afirka ce kan gaba. Ni a ganina adadin ya fi haka nesa ba kusa ba, don na'urar GeneXpert da ake gwaji da ita a asibitocinmu tana nuna akwai TB ko babu, amma ba ta bambance na saniya da na mutum.

Amma fa kar ki ɗora wa saniyar laifi tukuna. TB na mutane ma yana kumbura wuyan yara, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu TB, kusan mutum rabin miliyan duk shekara, don haka a duba kowa a gidan har da kaka da 'yar aiki da malamin da yake zama kusa da shi. A kuma kira likitan dabbobi ya duba saniyar.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe: magungunan TB guda huɗu ne a farko, wata shida ake sha, to ɗaya daga cikinsu Pyrazinamide ba ya yi wa ƙwayar shanu komai, shi ya sa in an tabbatar ta shanu ce ake tsawaita shan magani zuwa wata tara. In likita ya ce a ƙara watanni kar ki ce ya cika ki da magani, kuma kar ki tsaya don kin ga wuyan ya saɓe. Gwaji da magani duk kyauta ne a asibitocin gwamnati masu sashen TB, akwai ma layin 3340 da ake kira ba a cire kuɗi.

TAMBAYA: Likita ni fa kullum sai na sha fura da nono, inba haka ba bana jin daidai. Ance tsamin nono yana kashe duk wata cuta, gaskiya ne ko mu hakura da furar? Daga wani dan kasuwa, Zariya.

AMSA: Alhaji ba wanda ya ce ka haƙura, ni ma da nake maganar nan ina sha. Sai dai zancen tsami yana kashe komai ba haka ba ne, yana rage wasu ƙwayoyin amma ta TB fatarta kauri gare ta mai maiƙo, tana iya yin kwanaki da ranta a cikin nono mai tsami. Wuta ce maganinta. Kamfanonin madara suna ɗora ta a zafin digiri 72 na daƙiƙa 15 ko digiri 63 na minti 30, mu a gida da ba mu da ma'auni kawai a bari ta tafaso sosai ta ɗan jima tana tafasa, a sauke ta huce, sannan a zuba tsohon nono a rufe ta kwana. Da yawa daga cikin matan Fulani dama haka suke yin kindirmo, sun riga mu sani, matsalar ita ce ba duka ba, wata ba itace wata tana sauri ta kama kasuwa, wata kuma kwastomominta ne ke cewa dafaffe ba ya garɗi. Ka tambayi mai nononka cikin wasa da dariya, Adda ana dafa madarar kuwa, in ta saba da kai za ta gaya maka gaskiya.

Kuma ba sai duk shanun rugar sun kamu ba, kaɗan ne daga cikin masu cutar take sauka a hantsarsu, amma saniya ɗaya tak in aka juye madararta a ƙwarya ɗaya da ta sauran ta gama da duka. Man shanu kuma a soya shi kafin a zuba a tuwo. Tafasawar nan riba biyu ce don tana kashe ƙwayar bakkale mai sa shanu ɓari, wadda a mutum take zama zazzaɓin da ake ta sha masa maganin maleriya da taifot ba ya jin magani. Masu shan ɗanyen nonon raƙumi wai don magani, wannan maganar har da ku.

TAMBAYA: Malam likita ni mahauci ne shekara da shekaru. Wani lokaci in mun fede sa sai muga wasu kullutu kullutu a huhu da jikin hakarkari, sai dan uwanka likitan kwata yazo ya kwace huhun da hanta, rannan ma sa guda ya hana mu sayarwa gaba daya alhali bashi na dauko shi. Tunda dafawa za ayi meye laifi in na yanke wurin na sayar da sauran? Ku fa bakwa tausayin talaka. Daga wani mahauci, Kano.

AMSA: Ɗan'uwa na ji zafin maganarka kuma ban ga laifinka ba, sa guda a wannan tsadar ba wasa ba ne. Amma bari in gaya maka abin da idon likitan yake gani.

Ƙullutun nan masu ruwan ɗorawa, in ka tsaga ka ga cikinsu kamar cuku, wuƙa tana ƙaras-ƙaras in ta bi ta kai, su ne gidan ƙwayar cutar. In a wuri ɗaya suke, misali huhu da kaluluwar da ke kusa da shi, ƙa'idar duba nama ta yarda a cire wannan sashen a sake maka sauran, shi ya sa wani lokacin huhu kawai ake ɗauka. In kuwa an gan su a huhu an gan su a hanta da saifa da ƙoda da jikin haƙarƙari, ga san a rame, to cutar ta bi jini ta zaga ko'ina, ba wurin da za ka yanke ka ce nan lafiya lau ne. Gaskiya ne dahuwa sosai tana kashe ta, amma kafin naman ya kai tukunya hannu nawa ya bi? Naka, na yaranka masu wankin kayan ciki, wuƙar, katakon sara, matar da za ta yayyanka a gida ta juya ta ba jariri abinci, ga mai tsire da ke sauke shi da jini-jini don layi ya yi tsawo. Kuma wanda ya fi kowa shiga haɗari kai ne, ka tsaga ƙullutun fuskarka a kai kana shaƙa, ko ga yanka a yatsa ka tsoma hannu a ƙirjin sa. A mayankar Legas da Ibadan an san wata ɗabi'a da suke kira fuku elegusi, mahauci ya gutsuri huhun mai ƙullutu ɗanye ya tauna a gaban mai saye don ya nuna masa ba komai. Don Allah ko da wasa kar a kawo mana wannan.

Abin da aka ƙwace kuma ba a jefa wa karnuka ba a zuba a bola, a haƙa rami mai zurfi ko a ƙona, don kare da mage suna ɗauka.

Inda na tsaya tare da kai shi ne maganar asara. Muddin wanda aka ƙwace wa sa shi kaɗai zai ɗauki asarar, to gobe in ya ga sa yana tari ba zai kawo shi kwata ba, a bayan gari zai yanka da asuba inda ba likita, kun ga an gudu ba a tsira ba. Shawarata ku zauna da Sarkin Fawa da dillalai ku buɗe asusu, kowane kan sa da aka yanka a ajiye wani abu kaɗan, wanda tsautsayi ya faɗa wa a rage masa zafi. Kafin gwamnati ta waiwayo ku wannan a hannunku yake. Af, tunda maganar yanka ake, lokacin layya dubban dabbobi ake yankawa a gidaje ba mai dubawa, alhali dama shari'a ta hana layya da dabbar da rashin lafiyarta ya bayyana ko wadda ta rame ƙwarai, duk wanda ya feɗe ya ga irin ƙullutun nan ya dakata da rabo ya nemi malamin dabbobi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, babana ne yace in rubuto. Muna da nagge biyu suna tari musamman da safe in anyi sanyi ko in an kora su, suna cin ciyawa amma basa kiba. Munyi musu allurar Penstrep har sau uku, su dan warware su koma. Shin akwai allurar TB ta shanu ko rigakafi mu saya? Daga dan makiyayi, yankin Mubi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ka gaida min Baffa, ya garke ya ƙoƙari. Da farko tari da rama ba TB kaɗai ke kawo su ba, sammore yana ramar da saniya, ciwon hanta ma haka, ga ciwon huhu da aka fi sani wanda shi yana da rigakafinsa da ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato. Ido ba ya rabe su. Gwajin TB ɗin ba wuya, ana aske ɗan wuri a wuyan saniya a auna kaurin fatar a yi 'yar allura a cikin fatar, bayan awa 72 a dawo a sake aunawa, in wurin ya kumbura an gane. Abin tsoron ma shi ne saniya tana iya ɗauke da ita shekaru tana sheƙi ba alamar komai, tana rarraba wa 'yan'uwanta a mashaya da wurin kwana.

In ya tabbata TB ne, ka gaya wa Baffa in ji ni ya daina kashe kuɗinsa a allura. Mutum ma sai ya sha magani huɗu wata shida kullum ba fashi, ina ga saniya mai kilo 300 a daji. Penstrep ɗin nan akwai sitiraftomaisin a ciki wanda tsohon maganin TB ne na mutane, yi mata shi jefi-jefi ba ya warkarwa, lafar da ciwon kawai yake ya kuma koya wa ƙwayar jure magani, ga shi yana fita a madarar da yara ke sha.

Ƙasashen da suka rabu da cutar hanya ɗaya suka bi, a gwada, wadda ta kamu a yanka, a biya mai ita diyya. Ostareliya ta fara a 1970 ba ta ayyana ta rabu da ita ba sai 1997, shekara 27, kuma masu shanun da kansu suka riƙa zuba kuɗi ta harajin da ake cira a cinikin shanu. Mu nan ba tsarin bi garke-garke ana gwaji ana biya, to wane makiyayi ne zai miƙa saniyar da ya gada wajen kakansa a yanka a ce masa Allah ya mayar da alheri? Ga iyaka a buɗe, shanun da ke cin kasuwar Mubi yau jiya suna Kamaru ko Chadi, na Maigatari da Illela daga Nijar, har masu bincike sun gano nau'in ƙwayar da ya fi yawa a Najeriya da Kamaru da Chadi da Mali duk dangi ɗaya ne. Ƙasa ɗaya ba ta iya wannan aikin ita kaɗai.

Rigakafi kuwa akwai labari mai daɗi amma bai iso kasuwa ba. Allurar BCG da ake yi wa jarirai a dantse, wadda aka fara amfani da ita a 1921, asalinta daga ƙwayar TB ta shanu aka samo ta, wasu Faransawa biyu Calmette da Guérin suka yi shekara 13 suna raunana ta. Ana iya yi wa shanu ita, matsalar saniyar da aka yi wa sai gwajin fata ya nuna kamar ta kamu, a kasa rabewa. Yanzu Ingila na gwada sabon gwajin da zai bambance, a Habasha kuma wani bincike da aka fitar a 2024 ya nuna allurar tana rage yaɗuwar cutar tsakanin shanu sosai. Duk wanda ya zo ruga yau da kwalba ya ce rigakafin TB yake sayarwa ku kore shi.

Kafin likita ya zo ku ware naggen biyu da wurin kwana da wurin shan ruwa, kar a haɗa madararsu da ta sauran, a daina kwana ɗaki ɗaya da maruƙa. Kar kuma a lallaɓa a sayar wa maƙwabci ya zuba a garkensa, wannan cin amana ne, in rabuwa za a yi a kai inda likita zai duba bayan yanka. Duk mai tarin da ya wuce sati biyu a rugar ya je gwaji, don mutum ma yana sa wa saniya.

TAMBAYA: Sannu da kokari Dakta. Ina karatu a Bristol, naga turawa suna ta rigima har da zanga zanga akan kashe wata dabbar daji mai zanen fari da baki a fuska wai ita ke sa ma shanu TB. Meye gaskiyar abin, kuma namun dajin mu na gida fa? Daga wata daliba, Ingila.

AMSA: Yawwa ƙanwata, kin faɗa tsakiyar rigimar ma, don yankin da kike nan ne cibiyarta. Dabbar 'yar'uwar dage ce, su suna ce mata baja, a rami take kwana da dare ta fito ta yi fitsari da kashi a makiyaya. Ingila ta sha wuyar cutar nan, a shekarun 1930 kusan kashi 40 cikin 100 na shanun tatsarsu suna da ita, mutum wajen 2,500 ke mutuwa duk shekara yawanci yara, dafa madara da gwajin shanu suka kawo ƙarshen mace-macen. Sai a 1971 aka gano cutar a jikin wannan dabbar a Gloucestershire. Daga 2013 gwamnati ta ba da izinin harbe su, an kashe sama da 230,000, manoma na cewa a ci gaba masu kare dabbobi na cewa zalunci ne. Wani babban gwaji da suka yi daga 1998 zuwa 2005 ya nuna abin mamaki, a cikin yankin da aka kashe su cutar ta ragu a shanu, a gefen yankin kuma ta ƙaru, saboda waɗanda suka tsira sun watse sun kai ta gaba. A 2024 sabuwar gwamnati ta ce za ta daina kisan ta koma yi musu rigakafi. In kin tambaye ni, dabbar tana da hannu amma an fi ƙarfafa laifinta don ita ba ta da ƙuri'a, yawancin yaɗuwar daga saniya zuwa saniya ne ta hanyar saye da sayarwa, ga gwajin fatar yana tsallake wasu masu cutar.

A Niyu Zilan kuwa kisan ya yi aiki. Tasu dabbar mai kwana a bishiya ce, fosum, daga Ostareliya aka shigo da ita don gashinta ta zame musu annoba, suka bi ta da tarko da guba har ta jirgi mai saukar ungulu, garken da ke da cutar ya sauko daga wajen 1,700 a 1994 zuwa ƙasa da 50. Amma ita baƙuwa ce mai cinye musu daji, ba mai kuka don an kashe ta.

Wanda ya fi kama da namu shi ne gandun dajin Kruger a Afirka ta Kudu. A can shanun gonakin da ke kudancin gandun ne suka sa wa ɓauna cutar tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960, ba wanda ya lura sai 1990, kafin nan ta yi nisa. Zakuna suka ci ɓaunar suka kamu, damisa da birai har karkanda, ta bi garken ɓauna ta ratsa gandun har ta tsallaka Zimbabuwe. Ba mai iya kama ɓauna dubbai ya aske musu wuya ya ce su dawo bayan kwana uku, kuma ba mai yarda a harbe su duka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, mu ma muna da ɓauna a Yankari da Gashaka Gumti, kuma kowa ya san da rani shanu suna kutsawa neman ciyawa da ruwa. Ƙwayar ba ta jure rana amma a laka mai sanyi ƙarƙashin inuwa tana wata da watanni, bakin tafki kenan inda kowa ke sa baki. Hana shanu shiga gandu ba don giwaye da 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba ne, amma ba a hana makiyayi da bindiga kawai, sai an haƙa masa mashaya a waje an kuma bar masa burtalinsa.

TAMBAYA: Mu mafarauta fa likita, in mun kamo gada ko gwanki ko mugun dawa ya zamu gane? Daga wani maharbi, Bauchi.

AMSA: Sarkin dawa barka da ƙoƙari. A wajen fiɗa ake ganewa, ka duba huhu da cikin haƙarƙari da kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙi, musamman a mugun dawa da a kai take yawan tarewa, in ka ga ƙullutu ko ruwan mugunya ka binne shi gaba ɗaya, kar ka ba karnukanka. A jihar Michigan ta Amurka inda cutar ke jikin barewarsu an samu wani dattijo mai shekara 77 da ta kama huhunsa a 2017, bai sha ɗanyar madara ba, shekarun da ya yi yana feɗe abin da ya harbo ne. Ka sa safar hannu ko leda in kana da rauni, ka wanke wuƙa da hannu da sabulu, naman kuma a dafa shi ya yi laushi, banda ɗin da kuke yi a daji waje yake busarwa cikin yana nan ɗanye. Dabbar da ka tarar ta mutu da kanta ko wadda ta tsaya tana kallonka ba ta gudu ba, ka wuce abinka.